Kwaɗin Yaya Sun Shiga Yajin Aiki

Ni dai sana'ata sauti. Idan sifikarka ta shaƙe, ko rediyonka ya fara tari kamar tsohon da mura ta kama, ka tambayi kowa a layinmu, za a nuna maka shagona, nan tsakanin mai faci da mai aski. A gida Auta ake ce min, a layi kuma Injiniya, duk da ko ƙofar makarantar injiniyoyi ban taɓa leƙawa ba. Mai boko a gidanmu Yaya ce. Ita ta riga ni zuwa duniya ta kwashe ƙwaƙwalwar gidan kaf, ni ta bar min baki.

To duk karatun da ke duniyar nan, Yaya ba ta ga abin karantawa ba sai kwaɗi. E, kwaɗin da ka sani, masu tsalle. Digiri na biyu take yi a kansu. Har gobe idan ƙawayen Umma suka tambaye ta me 'yarta ke karanta, sai ta gyara zama ta ce, "Ai ɓangaren likitanci ne, na ƙananan halittu."

Wata safiya ina zaune ina liƙe bakin wata sifika da gam, sai ga Yaya a ƙofar shago. Ba ta saba zuwa ba, wai ƙara tana sa mata ciwon kai.

"Auta, aiki na kawo maka."

"In bikinki ne, sai na fara ganin angon tukun."

"Kwaɗina za ka sa wa sauti."

Mai aski yana tsakiyar gyara wa wani gemu, sai da ya ajiye reza don dariya. Ni kuwa na ce, "Yaya, su ma rawa za su taka? Wace irin waƙa suke so, ta da ko ta zamani?"

Ba ta yi dariya ba. A nan na gane maganar ta gaske ce, na ja ƙofar shago na bi ta.

A cikin mota ta yi min bayani. Ga yadda ta faɗa, ko in ce ga yadda ni na gane. Wannan kukan da kwaɗi ke cika mana kunne da shi da damina ba kuka ba ne, talla ce. Maza ne ke tallan kansu, mata na gefe suna saurare suna zaɓe. Kuma namiji ba ya buɗe baki haka siddan. Akwai wani sinadari da jikinsa ke haɗawa, ana ce masa homon, ɗan aike ne, jini yake bi ya je ƙwaƙwalwa ya ce mata ga abin da za a yi. Akwai homon ɗin neman aure, shi ne mai cewa, "Tashi malam, gyara murya." Akwai kuma na tsoro, mai cewa, "Rufe min baki, nemi lungu." Duk wanda ya fi yawa a jini, shi ƙwaƙwalwa ke bi.

"Kenan kamar ni ne idan na hango yarinyar mai shagon magani," na ce, "sai kuma na hango babanta a bayanta."

"Kusan haka," in ji ta. "Sai dai su sun fi ka aji."

Abin da take son ta gwada shi ne wannan: idan namiji ya yi kwanaki yana jin muryar 'yan uwansa maza, kunne zai kai wa ƙwaƙwalwa labari, ita kuma ta sa homon ɗin neman aure ya hau, har shi ma ya fara rerawa. Ta kamo kwaɗi daga wani tafki a bayan gari, ta ajiye su a ɗakin gwaji, sun yi tsit. Za ta sa musu muryar da ta naɗo a tafkin, sai sifikar makaranta ta ƙone.

"Kuma lokaci ya ƙure min," ta ce tana kallon taga. "Damina na gab da wucewa. Da ta wuce, ko me za ka sa musu ba za su kula ka ba. Farfesar da ke kula da aikina za ta zo ta duba ƙarshen mako mai zuwa. In ba su yi kuka ba, mayar da su tafki zan yi, in zauna jiran wata daminar. 'Yan ajinmu su gama su tafi, ni ina nan."

Shekara guda cur saboda kwaɗo ya ƙi magana. Na ce mata, "Kwantar da hankalinki. Kin zo wajen mai abin."

Ɗakin nata a jami'a can yake ƙarshen baranda, bayan ɗakin ajiye tsintsiya. An toshe tagogi da baƙar leda, an liƙa soso mai kauri a jikin ƙofa don kada ƙara ta shiga ko ta fita. Ciki akwatunan gilashi ne jere a kan dogon tebur, kowanne da ɗan ruwa da ganye da kwaɗo ɗaya, ga warin gansakuka. Wayon da suka yi shi ne sun juya wa kwaɗin lokaci. Da rana tsaka sai farar fitila ta mutu, wata 'yar ja ta kama, su kwaɗin su ɗauka dare ya yi. Wato an yaudari bayin Allah don kada Yaya ta kwana a makaranta.

Su kansu kwaɗin ba irin ƙattin nan na kwata ba ne. 'Yan mitsi-mitsi ne, koraye, ba su wuce babban yatsana ba. Nan take na raɗa musu suna. Mai ɗan tumbi, Ciyaman. Wanda ya juya min baya, Suruki. Wani ɗan ƙarami da ya manne a gilashi yana zare min ido, Ɗan Tsito.

Yaya ta miƙo min filashi. "Muryar na ciki. Ka haɗa yadda za ta kama da kanta in jar fitila ta kama, ta tsaya kafin fara ta dawo. Doka ɗaya ce, ba mai shiga in sauti na tafiya. Ganin mutum kaɗai yana tayar musu da homon ɗin tsoro. Ni ma sai sun yi safiya nake shiga in ba su abinci. Akwai makirfo da ke ɗaukar abin da suka ce bayan sautin ya tsaya."

Tana cikin magana aka leƙo aka ce ɗalibai na jiran ta a aji, don ita ke koya wa 'yan shekarar farko yanka kifi. Ta cusa min makulli a hannu ta fice.

Na koma shago na sa filashin a kwamfuta. Jama'a, da kun ji abin da ya fito. Kirik, kirik, kirik. Kamar ƙofar da ba ta taɓa ganin mai ba. Siririyar murya, ba nauyi, ba kwarjini. Mai faci ya leƙo ya ce, "Injiniya, wannan kayan naka ne ke wannan kukan? Ashe kai ma ka fara lalacewa."

Abin ya taɓa ni. Ni da ake kira daga unguwa uku saboda in na haɗa sauti sai ka ji shi a ƙirjinka kafin kunnenka? A ce aikina ne wannan, kuma a jami'a, inda manya za su ji? Na ce ina, Yaya da waya ta naɗi abin nan, shi ya sa ya fito a rame. Na zauna na yi masa aiki irin na gaske. Na sauke muryar ƙasa, na ba ta kauri, na zuba mata bes, wannan gurnanin da ke sa gilashin mota rawa. Kirik ya koma gurum. Na sake saurara, na ce yawwa, yanzu ka zama namiji.

Na ɗauko wufata, babbar sifikar nan mai fitar da gurnani, wadda ba na ba kowa aro. Na kai ta ɗakin, na tura ta ƙarƙashin tebur bayan bokitai, don nan ne mazaunin wufa, ko wane yaron shago ya sani. Na haɗa, na saita lokaci, na kulle.

Da yamma Yaya ta ce, "Ka sa?"

"Na sa. Gobe ma sai kin toshe kunne."

Gobe ta yi, makirfo bai kama komai ba. Jibi haka. Na ce kunya suke ji, baƙi ne. Kwanaki suka ci gaba da tafiya, shiru kamar an yi rasuwa. Ciyaman da a da yakan ɗan yi gyaran murya jefi-jefi, shi ma ya daina. Yaya ta ce gyaren da take zuba musu ma ba sa ci, kowa ya cusa kai ƙarƙashin ganye.

A gida ita ma ta daina ci. Umma ta ajiye mata kwano, ta dawo ta same shi yadda ta bar shi.

"Wai ke da su wa ke koyi da wani?" in ji Umma. "Auta, kai da bakinka ba ya mutuwa, je ka yi musu magana mana."

"Umma, na yi musu. Suruki ko juyowa bai yi ba."

Yadda Yaya ke auna homon ɗin ma abin kallo ne. Ba allura, ba jini. Kwaɗo take sawa a ɗan kofi mai tsabtataccen ruwa ya zauna na ɗan lokaci, abin ya fito ta fatarsa ya shiga ruwan, sai ta kai ruwan na'ura. Ranar da sakamako ya fito ta kira ni a waya, muryarta wani iri.

"Na tsoro ya hau sama sosai. Na neman aure ya faɗi ƙasa, ya ma fi ranar da na kawo su faɗuwa. Wani abu na firgita su, Auta. Na canja ruwa, na canja abinci, na auna zafin ɗakin, har mai shara na hana wucewa ta wajen. Ban san mene ne ba."

"Ko ɓera ne?"

"Na duba. Ka zo gobe da rana. Zan karya dokata, mu shiga sauti na tafiya, ko na'urarka ce ba ta kamawa."

Na'urata ba ta kamawa! Har na ji haushi. Na tafi da shirin a wanke ni.

Rana tsaka muka tsaya a bakin ƙofa, ta murɗa makulli a hankali, ta tura. Gurum! Gurum! Gurum! Wallahi ni kaina sai da na ji daɗi. Ɗakin ya ɗauka, ledar taga na kaɗawa, ruwan da ke cikin akwatunan yana ɓari kamar ana buga ganga a ƙarƙashinsa. Na juya in karɓi yabo, sai na ga fuskar Yaya cikin jar fitilar nan.

"Auta. Mene ne wannan?"

"Kwaɗinki ne. Na gyara musu murya."

"Ka gyara."

"Ai yadda kika kawo ta ba ta fita kunya. Na ɗan ƙara mata..."

"Kashe."

Na kashe. Ta jawo ni waje da hannun riga, ta rufe ƙofa a hankali, don ko a cikin fushi ba ta yarda ta firgita su ba. Sannan ta juyo.

"Ka san me kwaɗo ke ji a cikin muryar ɗan uwansa? Girman jiki. Siririyar murya, ƙaramin kwaɗo. Mai kauri, babba. Da kunne suke auna juna kafin su haɗu. Idan ƙarami ya ji wanda ya fi ƙarfinsa a kusa, shiru yake yi ya laɓe. To kai wanne ka kawo musu?"

Ta nuna ƙofar ɗakin da yatsa ta ci gaba.

"Wannan muryar, in da akwai kwaɗon da ke da ita, ya kai saniya. Kullum dare ya yi musu, sai saniyar kwaɗo ta shigo ɗaki ta kwana tana ruri a ƙarƙashin gadonsu. Kai in kai ne za ka yi waƙar neman aure?"

"Ni ko numfashi ba zan yi ba," na ce.

Na zaci za ta ci gaba da faɗa, har na shirya kunne. Sai kawai ta zame ta zauna a dandamalin baranda, ta haɗa kai da gwiwa. Ɗalibai na wucewa suna kallon mu. Na fi son ta zage ni sau dubu da wannan zaman.  Na zauna kusa da ita.

Can na ce, "Yaya, ainihin muryar tana nan. Ban goge ba."

Ta ɗago. "Ba ka taɓa ta ba?"

"Ko ƙura ban share mata ba."

Ta yi ajiyar zuciya, ta share ido da bakin mayafi, ta fara lissafi da yatsu. "Sai sun huta tukun, ba sauti ko kaɗan, na tsoron ya sauka. Sannan a sa musu ta gaskiya, ƙasa-ƙasa. Abin da ya rage ba shi da yawa. Ban sani ba ko zai isa." Ta harare ni. "Kuma ka fitar min da saniyarka."

Haka na sungumi wufata na ratsa jami'a da ita a ka. A madadinta Yaya ta zaɓi wata 'yar sifika da na ciro daga mataccen rediyo, wadda ko a kwandon shara na gan ta ba zan sunkuya ba. Ta tsaya a kaina ina haɗawa, duk sanda hannuna ya doshi maɓallin ƙara sai ta buge shi. Kirik, kirik, kirik. Na ce, "Don Allah kar ki gaya wa kowa ni na haɗa wannan."

Suka fara cin gyare. Suruki ya fito daga ƙarƙashin ganye. Amma makirfo shiru, har ranar da Farfesa za ta zo.

Ina zaton zan ga wata ƙatuwar mata mai tabarau da jaka. Sai ga 'yar tsohuwa guntuwa da takalmin gudu, tana magana kamar mai tsoron tashin jariri. Yaya ta riga ta gaya mata komai, don tana gani na ta ce, "Kai ne mai kwaɗon saniya?"

"Ni ne, ranki ya daɗe. Amma na tuba."

"Za mu gani. Kashe wayarka."

Farfesa ta ce da kunnenta take son ji, don haka muka shiga tun farar fitila na kunne, muka zauna a kujeru can jikin bango, aka ce kada wanda ya motsa. Fitila ta mutu, ja ta kama, 'yar sifikata ta fara kirik ɗinta. Muka zauna. Muka yi ta zama. Ƙafata ta yi sanyi, hancina ya fara ƙaiƙayi, ban isa in sosa ba. Ban taɓa yin shiru mai tsawon wannan ba tun da aka haife ni, kuma ina jin ko a ciki ban yi ba.

Sai cikina ya yi wata doguwar ƙara, don ban karya ba.

Farfesa ta karkato ta raɗa wa Yaya, "Wannan kuma wane iri ne? Ba ya cikin waɗanda kika rubuta min."

Na danne dariya har hawaye. Yaya ko murmushi. Idonta na kan akwatuna, hannunta ya damƙe gefen kujera.

Lokaci ya ja. Na ga Farfesa ta kai agogo kusa da ido, ta sauke. Can ta sake dubawa. Sannan ta dafa gwiwa, irin dafawar mai shirin tashi. 

"Auta," Yaya ta raɗa. "Kashe sautin."

"In kashe? Yaya, ai shi ne..."

"Ba sa son haɗa baki da wani. Gurbi suke jira su sa tasu. Kashe."

Na miƙa yatsa na danna. Ɗakin ya yi tsit, har ina jin ɗigar famfo a waje. Farfesa ta tsaya rabi a zaune rabi a tsaye.

Kirik.

Na duba na'ura da sauri, na zaci ban kashe daidai ba. A kashe take.

Kirik. Kirik.

Ɗan Tsito ne. Yana manne a gilashi, maƙogwaronsa ya kumbura kamar balan-balan har ya fi kansa girma, duk jikinsa na rawa. Wannan ɗan abin da bai kai loma ɗaya ba, shi ya fara. Daga can ƙarshen tebur Ciyaman ya amsa masa, a shaƙe, kamar wanda aka tasa daga barci. Wani ma ya shiga. Suka dinga karɓa-karɓa, wannan ya yi ya bar wa wancan.

Na buɗe baki zan yi ihu, Yaya ta mintsine ni a cinya da ƙarfin da sai da na ga taurari. Farfesa ta koma ta zauna. Ta daɗe tana saurare, kanta a karkace.

"Ba duka suka yi ba," ta ce a hankali. "Suruki ma ko uffan," na raɗa, aka sake mintsini na. Farfesa ta ci gaba, "Kuma sau ɗaya ba ya zama hujja. Amma sun yi. Ki ci gaba, ki yi ta ɗauka har ruwan sama ya ɗauke. Yanzu ki ɗebi ruwan masu kukan nan tun abin bai sauka a jikinsu ba."

Yaya ta miƙe ta ɗauko kofunan.  Ta gwada buɗe akwatin farko, murfin ya kusa suɓuce mata.

"Riƙe min," ta ce.

Na karɓi kofin da hannu bibbiyu. Ta kamo Ɗan Tsito a hankali ta saka shi ciki, ta ɗora murfi mai huji. Yana zaune cikin ruwa iya wuya, yana kallo na, ni ma ina kallon sa.

"Kar ka girgiza shi. Kar ka yi masa magana."

"Ko sannu?"

"Ko sannu."

Na tsaya ƙiƙam kamar soja, ita kuma ta wuce akwatin Ciyaman tana share fuska da kafaɗa.